Ƙotar Harshen Rana

Garki, Abuja
8 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Lydia,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya Mama da tari? Ina fata ta daina shan ruwan randa da sassafe kamar yadda nas ta hana ta. Ki gaishe min da matan zumunta, musamman Maman Gift. Ni ma ina nan ƙalau. Aiki sai godiya, sai dai oga ya karɓo aikin kalanda tun yanzu, injin ba ya hutawa, mu ma haka.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Lawal direba alhali muna da waya. Dalili shi ne ke ba kya sauraren saƙon murya sai a tsakar gida, kuma kunnen Mama ya fi na kowa. Wannan maganar ba na so ta ji ta tukuna. Ki karanta a ɗaki, ki ɓoye.

Sai kin yi haƙuri da ni, don zan fara da abin da za ki kira shirme. Akwai wani labari na zane-zane da ake saki a waya duk Juma'a, sunansa Makiyayan Taurari. Ba wanda ya san fuskar mai zana shi, Ɗangoggo kawai yake rubutawa a ƙasan shafi. Labarin wasu mutane ne a can wani zamani mai zuwa, suna kora taurari masu wutsiya kamar shanu zuwa duniyoyin da ba ruwa, saboda ƙanƙarar da ke jikinsu. Shugabarsu mace ce, Yelwa, tana da takobi da ake kira Harshen Rana. Takobin ba ƙarfe a ruwansa. Ƙota ce kawai take ratayawa a ƙugu, in ta matsa sai haske ya fito ya miƙe, ya yanka duk abin da ya taɓa. Zulkifilu, abokin aikina da ke kan babban injin buga fosta, shi ya jefa ni cikin guruf ɗin waya na masu karantawa bara, shi ne ma admin. Mun kusa ɗari uku. Akwai ma'aikatan gwamnati, akwai ɗalibai, har da wani dattijo mai sayar da taya a Apo.

Wata biyu da suka wuce jirgin Yelwa ya kama wuta a wani yaƙi, tsohon takobin ya narke, ita ma ta daɗe a kwance. Ran Juma'ar nan ta fito da sabo. Ƙotar a lanƙwashe take kamar wuyan agwagwa. A gindinta akwai zobe, a gefe kuma wata 'yar ƙugiya ta leƙo sama. Ba abin kare hannu ko ɗaya.

Tun daga ranar wayata ba ta yi sanyi ba. Wani Justice, mai haɗa sola, shi ne kan gaba wajen zagi. Ya ce lanƙwasar tana kwantar da hasken zuwa wuyan hannu, duk wanda ya kai sara da wannan abin hannunsa zai fara cirewa kafin na abokin gaba. Ya ce kuma ina batir zai zauna a ƙota mai siriri haka. Wasu suka ce haske ba shi da nauyi, don haka ba dole ƙota ta miƙe ba. Wasu suka ce ai ba Ɗangoggo na gaskiya ba ne ya zana, an canza mutum ba a faɗa mana ba. Har akwai mai cewa na'ura aka ba ta zana.

Ni kuwa ba wannan ne ya dame ni ba. Ina buɗe shafin na gane ta. Yaya, ƙotar laujen Baba ce.

Kin tuna bayan injin niƙa ya ɗauke masa yatsu uku na dama, ya bar masa babba da ƙarami, yadda ya zauna damina guda yana kallon wasu suna yanke masa shinkafa. Kin tuna Yaya Obadiah ya yi ta kai da kawowa maƙera yana ƙera masa sabuwar ƙota, sai a karo na uku ta yi daidai: zobe don ƙaramin yatsa, ƙugiya don babba, lanƙwasar ta kwanta a tafin hannu. Na wanke laujen nan ya fi sau ɗari. Ba kama ba ce, ita ce.

Shekara shida ke nan tun da Yaya Obadiah ya fita daga gida bayan gobarar rumbun doya, ko jana'izar Baba bai zo ba. Ban san me zan yi tunani ba. Don Allah ki buɗe ɗakin Baba ki duba bayan ƙofa, inda yake rataye laujen. In yana nan, ki faɗa min. In wani baƙo ya taɓa zuwa ya ɗauki hotonsa, shi ma ki tuna ki faɗa min. Lawal zai juyo ran Alhamis.

Allah ya tsare min ku.

Ƙanwarki,
Magdalene

Garki, Abuja
21 ga Oktoba

Yaya Lydia,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya gida, yaya Mama, yaya jikin Treasure da kika ce ta yi zazzaɓi? Allah ya ƙara sauƙi. Takardarki ta iso tare da ƙullin daddawa, na gode ƙwarai. Na yi miya da ita har maƙwabciyata ta leƙo.

Kin ce laujen ba ya nan, wataƙila ya bi 'yan zaman makoki. Na karanta layin nan na sake karantawa. Wa zai saci laujen da hannu mai lafiya ba ya iya riƙewa? Ga fartanya, ga gatari a ɗaki ɗaya, duk an bar su?

Bari in ba ki labarin abin da ya faru a nan. Waccan Lahadin, ba ta jiya ba, bayan sujada, 'yan guruf suka kira taro a wani lambun shaƙatawa a Area 2, wai a yanke hukunci kan takobin ido da ido. Mun kai talatin. Justice ya zo da shirinsa. Ya gasa bututun roba ya lanƙwasa shi daidai da zanen, ya ɗaura zobe da ƙugiya na waya, ya soka sandar tsintsiya da ya shafa wa alli a matsayin hasken. Ya tsaya a tsakiya ya kai sara sau uku, sau uku sandar tana bugun wuyan hannunsa tana barin farin tabo. Aka yi ta tafi. Dattijon nan mai taya ya ce Justice yana riƙe ta kamar taɓarya ne, a juye ake riƙewa. Ya gwada, ya kusa tsone wa kansa ido. Wata ɗaliba ta ce zoben na ratayewa ne kawai. Wani ya ce duk takobin da ba shi da abin kare hannu, in ya haɗu da ɗan'uwansa hasken zai zame ya sauka kan yatsu. Awa biyu ana abu ɗaya, manyan mutane masu 'ya'ya, a kan takobin da ba ya duniya.

Na yi niyyar in yi shiru in ga wa zai nuna ya san wani abu. Amma da Justice ya ce wanda ya ƙirƙiro wannan ƙota wawa ne, ko wuƙar yanka albasa bai taɓa riƙewa ba, ban san lokacin da na miƙe ba. Na karɓi bututun, na naɗe yatsu uku, na sa ƙarami a zobe, babba a ƙugiya, na ja daga gwiwar hannu yadda Baba yake yi a fadama. Sandar ko kusa da ni ba ta zo ba. Na sake, na sake. Sai na ce musu, "Ba don hannu mai yatsa biyar aka yi ta ba."

Justice ya yi dariya ya ce Yelwa yatsunta biyar cif. Na ce tun da ta tashi daga jinya wa ya ga hannunta ba safa? Aka dai ci gaba da musu. Amma na lura da abu biyu. Zulkifilu bai dube ni ba, wata mata ya duba a can gefe. Sunanta Nabilah, doguwa mai tabarau, duk taro tana zuwa ta zauna ta tafi, a guruf ma ban taɓa ganin ta rubuta ko kalma ba. Da aka tashi ta biyo ni har bakin get, ta tambaye ni a ina na koyi wannan riƙon, kuma ni 'yar ina ce. Na ce Abaji. Ta maimaita sunan garin a hankali kamar mai ɗanɗana gishirin miya, ta ce sai an jima.

Ran Juma'ar da ta wuce sabon babi ya fito. Yelwa ta cire safar hannu a gaban mutanenta. Yatsu uku babu, saura babba da ƙarami.

Za ki zaci za a ce na yi gaskiya. Ina! Kaina aka dawo. Wasu sun ce ni ce Ɗangoggo nake raina musu hankali. Wasu sun ce budurwarsa ce ni, wasu sun ce satar shafukan nake yi a shagonmu tun da mu masu buga takardu ne. Justice kuwa ya ce ƙarya ne, Ɗangoggo kuskure ya yi tun farko, da ya ji maganata a lambu sai ya koma ya sake zana babin don ya rufe kunyarsa. In haka ne, yana cikinmu ran nan ke nan. Yanzu kowa yana zargin kowa, ana ta tono hotunan taron ana zagaye fuskokin mutane da jan layi. Zulkifilu ya cire ni daga guruf na mako biyu, wai don a samu zaman lafiya. Fanka ɗaya muke sha a shago, amma bai iya faɗa min da baki ba, saƙo ya turo.

Cirewar ba ta dame ni ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne wannan: Yaya Obadiah ba mai zane ba ne, ko kaza ya zana sai ka tambaya. Ba shi ne Ɗangoggo ba. To ta yaya aikin hannunsa ya isa ga baƙo? Kayan mutum ba sa shiga hannun baƙi haka kawai, sai in ya sayar don wahala, ko an ƙwace, ko kuma abin da ba na so in rubuta.

Ki sake tunani a kan laujen nan, don Allah. Yaushe rabonki da ganinsa?

Ki gaida kowa. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Magdalene

Garki, Abuja
30 ga Oktoba

Yaya Lydia,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya, Mama da yara da maigida. Na ga 'yar takardarki. Na ji akuya ta haifi biyu, Allah ya raya.

Na yi abin da ban kyauta ba, kuma zan faɗa miki. Ran Litinin Zulkifilu ya tafi sallar azahar ya bar kwamfutarsa a buɗe. Na zauna a kujerarsa na bincika. Na samu fostar da za a buga don cikar labarin shekara biyu, ba a nuna wa kowa ba tukuna. A tsakiyarta ba zane ba ne, hoton ƙotar ce ta ƙarfe na gaske, an ɗora ta kan wani benci mai baƙin mai. Na ƙara girman hoton har ya fara dushewa. A ƙarƙashin zoben akwai 'yan layuka uku da suka haɗu kamar sawun kaza. Kin san wannan alamar, ta Yaya Obadiah ce. Tana jikin murhunmu, tana jikin sakatar ɗakin Mama. Kuma waldar sabuwa ce fil, ƙarfen ko tsatsa bai fara ba.

Yana da rai, Yaya. Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska na dawo.

Da Zulkifilu ya shigo ban ɓoye masa ba. Na ce na duba, in zai kai ƙarata wurin oga ya kai, amma ya faɗa min wa ya ƙera wannan. Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce ya san Ɗangoggo, amma amana ce aka ba shi, ba zai ci ba ko da za a kore shi daga aiki. Game da maƙerin kuwa ya rantse bai san shi ba, bai taɓa jin sunan Obadiah ba, hoto kawai aka turo masa. Ban san ko in yarda ba. Mutumin da ya shekara yana zama tare da mu yana taya mu cankar ko wane ne Ɗangoggo, alhali ya sani, rantsuwarsa ba ta da nauyi a wurina. Har na fara tunanin ko da gangan ya sa ni a guruf ɗin tun farko. Wataƙila na zarce. Kwanakin nan ko mai keke ya dube ni sau biyu sai in ce an aiko shi.

Yanzu sai ke. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ke kika goya ni, ban manta ba.

Kin ce laujen ya ɓata lokacin makoki. Baba ya rasu a watan Satumba. Kirsimetin shekarar ni na share ɗakinsa, ni na sauke laujen na shafa masa manja na mayar. Tun daga nan makullin ɗakin yana ɗaure a bakin zanenki. Wannan ɗaya. Na biyu, na rubuto miki cewa wataƙila an ga sawun ƙaninki da ya ɓata shekara shida, kika amsa min da labarin akuya da zazzaɓin Treasure. Ba ki tambaye ni komai ba, ko guda. Ke da in kaza ta yi dare a waje sai kin tashi unguwa. Wanda bai yi tambaya ba, ko bai damu ba ne, ko ya riga ya san amsa, kuma na san kin damu.

In kin san wani abu kina ɓoye min don kina ganin ni ce na kore shi, to kin yi gaskiya, kuma abin ya fi yadda kika sani. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko Fasto. Ran gobarar, da safe na ga Yaya Obadiah ya bi ta bayan rumbu. Iyakar abin da na gani ke nan. Da yamma, bayan doyar shekara ta zama toka, Baba yana tsaye yana tambayar wa ya je wurin, kowa yana kallon kowa, ni kuma na san na kwashe tokar murhu da rana na zubar ba nisa da wurin, ban duba ko da sauran garwashi ba. Tsoro ya kama ni. Sai na ce na ga Yaya Obadiah a bayan rumbu da taba a hannu. Ban ga taba ba. A lokacin ina da shekara goma sha bakwai, na isa in san abin da nake yi. Har yau ban san ko tokata ce ta ci rumbun ba, amma na san bakina ne ya ci ɗan'uwana.

To ga shi na faɗa miki nawa. Ki faɗa min naki. In ba za ki rubuta ba, zan shigo motar Lawal ran Asabar in tambaye ki a gaban Mama, kuma ba na so a kai ga haka.

Allah ya ba mu zuciyar gaskiya.

Ƙanwarki,
Magdalene

Garki, Abuja
10 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata Lydia,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji mai jinƙai. Yaya kuka tashi, yaya Mama, yaya yankan shinkafa? Ina fata an samu masu taimako. Ni lafiya lau, yau ma na je sujada ta farko.

Takardarki mai shafi huɗu ta zo. Na ga inda hawaye ya ɓata tawada. Yanzu na san ya zo a watan Janairu bayan rasuwar Baba, ranar kasuwa da gida ba kowa sai ke, ya durƙusa a kabari, ya roƙi laujen, ya sa kika ɗora hannu a Littafi Mai Tsarki cewa ba za ki faɗa ba. Na yarda ba ki san inda yake zaune ba. Ban gama hucewa ba, don shekara uku da wani abu kina kallon Mama tana sa sunansa a addu'ar waɗanda ba a san ko suna raye ba. Amma ni wace ce da zan riƙe ki? Na gode da ba ki zage ni a kan nawa ba.

Na gan shi, Yaya. Jiya.

Ran Alhamis Nabilah ta zo shagonmu, matar nan mai tabarau da ta bi ni bakin get. Ta ce in fito mu yi magana. A gindin bishiyar mangwaron da ke bayan layinmu ta faɗa min ita ce Ɗangoggo. Ma'aikaciya ce a wani ofishin zanen taswira, da nauyin aikin gwamnati a ka take zana Yelwa a ranakun hutu. Ta ce ta ɗauki sunan namiji ne don a yi musu da zanen, kada a yi da ita. Wata huɗu da suka wuce ta je Idu, nan gefen Abuja, neman wanda zai ƙera mata ƙotar tsohon takobin don taron shekara. A wani shagon walda ta ga lauje rataye a bango mai wata irin ƙota, ta tambaya, mai shagon ya ba ta labarin hannun mahaifinsa a taƙaice. Ta ce daga nan ta koma gida ta ƙona jirgin Yelwa a labarin. Da izininsa ta zana, shi ya ƙera mata ta ƙarfen. Zulkifilu bai yi min ƙarya ba ashe, bai san shi ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, amma yanzu yana kulle kwamfutarsa ko fitsari zai je.

Na tambaye ta me ya sa ta bar ni mako uku ina haukacewa. Ta ce tun ranar lambu ta je ta same shi, ya ce kada ta kuskura ta nuna min hanya. Ta koma sau biyu. A na ukun ne ya ce, in ta ga dama ta zo.

Jiya da safe muka shiga mota zuwa Idu, muka ƙarasa da keke ta bayan manyan ɗakunan ajiyar kaya, kusa da layin dogo. Shagon rumfar kwano ce, ƙofofin ƙarfe jingine ko'ina, janareta yana ta ruri. Yana tsugune yana walda, ya rufe fuska. Tun kafin ya ɗago na gane shi da yadda yake karkata kafaɗar hagu. Ya yi ƙiba kaɗan, gashinsa ya fara ja baya kamar na Baba. Ya kashe injin ya dube ni. Bai miƙe ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa mai kawo aiki, ya tura min benci da ƙafa. Nabilah ta ce za ta je neman ruwan sanyi, ba ta dawo ba sai bayan awa guda.

Duk abin da na shirya a mota ya gudu. Sai kawai na faɗa masa yadda na rubuta miki, har da tokar. Yana saurare yana goge hannu da tsumma, hannun da ba abin da ya rage a goge. Da na gama ya ce, "Na san ba ki ga taba ba, tun da ban sha ba. Ba maganarki ce ta fitar da ni ba, Magdalene. Ke yarinya ce kin ji tsoro. Baba ne bai tambaye ni ba. Ko sau ɗaya bai ce, Obadiah, haka ne? Da ya tambaya, da ko dukana ya yi zan zauna."

Na ce Baba ya yi ta kiran sunansa a asibiti. Ya ce kin faɗa masa. Na roƙe shi gafara. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya tashi ya sayo min gasasshiyar masara a bakin hanya, ya zauna yana kallo har na cinye. Yana da mata, sunanta Linda, 'yar Kafanchan, da 'ya mace mai shekara biyu. Ya nuna min hotonsu a waya amma bai ce in zo gida ba. Na ba shi labarin Justice da bututunsa, shi ne kawai lokacin da ya yi dariya. Ya ce ai mutumin yana da gaskiya a wuri ɗaya, ba inda batir zai shiga, ya faɗa wa Nabilah tun farko ta ƙi ji. An mayar da ni guruf, har yanzu a kan batir ɗin ake faɗa, kuma rabinsu sun tsaya a kan ni ce Ɗangoggo. Na bar su.

Na tambaye shi ko zai zo gida Kirsimeti. Ya ce kada in matsa masa. Na ce ko in faɗa wa Mama yana raye. Ya ce tukuna, shi zai san lokaci. Na ji haushi, amma na haɗiye.

Ya rako mu har inda keke ke tsayawa. Muna tafiya ya tambaya ko Mama tana zuwa gona har yanzu. Na ce tana zuwa, sai dai gwiwa ta fara ba ta wahala, a hawan nan na bakin rafi sai ta dafa mutum, wani lokaci ta tsinci kara ta dogara. Muka ci gaba da tafiya. Har na shiga keke mai keke ya tayar, sai ya dafa ƙarfen ya tsayar da shi. Ya ce, "Ki sa a auno min tsayinta, daga ƙasa zuwa wuyan hannu, tana tsaye da takalmin da take zuwa gona. Da kaurin tafin hannunta."

Na gane sandar dogarawa zai ƙera mata. Don haka ga aikinki, Yaya. Ki nemi zare mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa. Ki sa Mama ta tsaya ta saki hannun dama, ki auna daga ƙasa zuwa wuyan hannu ki yanke. Ki sake yanko wani ki zagaya tafin hannunta. In ta tambaye ki na mene ne, ki ce ni na aiko, kada ki ƙara komai, kada kuma ki yi mata ƙarya. Ki sa zaren biyu a ambulan ki manne da kyau ki ba Lawal ran Alhamis. Ran Asabar zan kai Idu da kaina.

Ki gaida maigida da yara. Ki rungume min Mama.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Magdalene